Sifirin ɗin Bawul, Ƙaramin Ƙarfen da Ke Riƙe da Inji

Ana saura 'yan makonni bikin Uhola aka jawo mini wata Golf 3 da igiya har garejina a Zuru. Mai ita saurayi ne da ke jigilar fasinja tsakanin Zuru da Kwantagora. Yayansa ya aiko masa da kamshaf daga Legas, irin wanda ake ƙerawa musamman don ƙara wa inji ƙarfi. Aka ɗaura masa a wani gareji, aka bar tsofaffin sifirin ɗin bawul yadda suke. Kwana tara yana jin daɗin motar. A na goma ya taka totur zai wuce tirela, inji ya yi wata ƙara, ya mutu.

Da na sauke tof silinda, bawul biyu sun lanƙwashe kamar ƙusar da guduma ta kuskure wa kai, saman fistin kuma da tabo mai siffar jinjirin wata. Na tsayar da tsohon sifirin kusa da sabo a kan benci. Tsohon ya gajarce, zobbansa na ƙyalli a wuraren da suka riƙa dukan juna.

"Oga, ai ba wanda ya taɓa sifirin ɗin nan," in ji shi.

Na ce, "Ɗana, rashin taɓa shi ɗin ne ya kawo ka nan."

Kamshaf sanda ce mai tozaye. Duk juyawa, tozon yakan danna bawul ya buɗe, iska da mai su shiga, ko hayaƙi ya fita. Amma turawa kawai ya iya. Sifirin ne ke dawo da bawul ya rufe. Idan inji na juyi 6,000 a minti, kamshaf na yin rabin haka, wato kowane bawul na buɗewa sau 50 a daƙiƙa guda. To kamshaf na ƙarin ƙarfi tozonsa ya fi tsawo, ya fi tsini, yana wurga bawul nesa kuma da sauri. Sifirin da aka auna wa kamshaf na kamfani, wanda zafi ya shekara da shekaru yana cinye masa ƙarfi, ba ya iya dawo da bawul a kan lokaci. Bawul na rataye a buɗe, fistin ya taso, su yi karo. Abin da ya sami Golf ɗin ke nan.

Ƙyallin nan na zobba kuwa wata cuta ce daban. Idan tozo ya danna sifirin har zobbansa suka haɗe, ya zama dunƙulen ƙarfe, babu sauran inda zai lotsa, sai wani abu ya karye. Shi ya sa nake juya inji da hannu, in kai bawul ƙarshen buɗewarsa, in tabbatar akwai sauran sarari kamar milimita 1.5 kafin zobban su haɗe. Aikin minti kaɗan ne, kuma yana ɓata mini rai yadda ake tsallake shi.

Kada kuma a ce sai a nemo mafi tauri a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a ɗaura. Sifirin mai tauri fiye da kima yakan goge tozon kamshaf, ya cika man inji da garin ƙarfe. Maƙeran kamshaf na ƙwarai sukan faɗi sifirin da ya dace da kayansu. Shi za a saya, a sauya saitin gaba ɗaya.

Manyan injiniyoyin duniya ma sun sha fama da wannan ɗan ƙarfe. Ducati na Italiya ya shahara da baburan da ƙarfe ne ke jawo bawul ɗinsu ya rufe, Renault na Faransa kuma a 1986 ya sa matsattsiyar iska a madadin sifirin a injinansa na tseren Formula 1.

Saurayin nan na ba shi shawara ya mayar da kamshaf na asali. Motar haya mai ɗauke da buhunan dawa a hanya mai ramuka tana bukatar ƙarfin ja a ƙananan giya, kamshaf na tsere kuwa sai inji ya yi juyi sosai yake nuna kansa, ga shan mai. Ya yi shiru yana jujjuya lanƙwasasshen bawul a tafin hannunsa, sannan ya ce a mayar. Na sa sababbin bawul biyu, da gasket, da sifirin takwas. Ranar kasuwa ta gaba na hango shi a tasha yana lodi.