Kunkunniya: Baƙar Ajiya a Rufin Ɗakin Girki

Duk wanda ya san tsofaffin gidajen ƙasa na unguwar Sheshe, kusa da Kasuwar Kurmi a cikin birnin Kano, ya san rufin azara da 'yan ƙananan tagogi. A ɗakin girkin irin waɗannan gidaje, in ka ɗaga kai za ka ga wani baƙin abu ya manne wa azara, wani wuri ma yana reto. Wannan ita ce kunkunniya. Akwai ta a madafan gidajenmu da na majami'unmu, sai dai ido ya saba da ita.

Daga ina take fitowa? Ɗanyen itace, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Idan aka hura shi da asuba a lokacin hunturu, wutar ba ta yin ƙarfin da za ta cinye man da ke fita daga jikin itacen. Sai man ya tashi cikin hayaki, ya tarar da rufi mai sanyi, ya daskare a can, kamar yadda tururi ke komawa ruwa a murfin tukunya. Da fari gari ce, tsintsiya ma tana share ta. In an bar ta sai ta yi ɓawo, daga baya ta zama kamar kwalta mai sheƙi. To, wannan ta ƙarshe makamashi ce. Ran da harshen wuta ya kai gare ta, ita da busasshiyar azara za su kama tare.

Turawa sun sha wuyarta a bututun hayaƙin gidajensu. A 1775 wani likita a Ingila, Percivall Pott, ya gano tana jawo ciwon daji ga masu sharar bututun, waɗanda yawancinsu tun suna yara suka soma aikin. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a 2020. Abin da ya baƙanta azara, shi uwargida da goyonta suke shaƙa kullum.

A ganina shugabannin ikilisiya ba su da hujjar cewa wannan zancen mata ne. Littafin Maimaitawar Shari'a, sura 22 aya 8, ya ɗora wa mai gida alhakin yi wa rufinsa kariya don kada wani ya halaka. Ga shi kuwa Kirsimeti a tsakiyar hunturu yake zuwa, lokacin da zumuntar mata ke kwana a bakin murhu.

Maganin ba ya cin kuɗi. A faskara itace, a bar shi ya bushe sarai. Busasshe ba shi da nauyi, bakinsa a tsattsage yake. Wajen hurawa a jera manya a ƙasa, a ɗora ƙirare da kara a sama, a kunna daga saman. Haka wuta ke saurin yin zafi, hayaƙi ya ragu. Kada a tayar da ita da leda ko guntun taya. A buɗe taga ko da ana ɗari. Kaskon gawayi kuwa kada ya kwana a rufaffen ɗaki, domin iskarsa mai guba ba ta da wari.

Kafin girkin biki, matasa su ɗaure hanci da ƙyalle, su kankare rufin madafin majami'a, a kwashe abin da ya zubo a kai shi nesa da murhu.