SAYEN MAKON HUTU: KO YA DACE DA MAI RENON ƊA SHI KAƊAI?

An shirya wannan 'yar takarda ne domin wayar da kan jama'a game da wani irin ciniki da kamfanonin masauki suke tallatawa, musamman ga ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda sukan yi tafiya ƙasashen waje. Turawa suna kiransa taimshiya, watau mutum ya biya kuɗi mai yawa tashi ɗaya domin ya sami ikon sauka a wani ɗaki na wurin shaƙatawa har tsawon mako guda a kowace shekara. An fi mai da hankali a nan kan gidan da mutum ɗaya ne yake ɗauke da shi: matar da mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa, ko wadda aurenta ya mutu tana riƙe da 'yarta, ko magidancin da ya rasa matarsa. Ba abin mamaki ba ne irin waɗannan iyaye su karkata ga cinikin, gama kowannensu yana son yaron ya ga cewa rashin da aka yi bai tauye masa jin daɗi ba. Niyyar mai kyau ce. Abin dubawa shi ne ko cinikin zai kai ga biyan bukatar.

Asalin Cinikin

A Turai aka fara shi cikin shekarun 1960. Wani kamfani mai suna Hapimag, wanda aka kafa a Suwizalan a 1963, yana cikin na farko, kana aka yi irinsa a wuraren wasan ƙanƙara na duwatsun Faransa. Daga nan ya ƙetara Amurka, inda ya bunƙasa ƙwarai. Da masu saye suka fara gajiya da komawa wuri ɗaya kowace shekara, sai aka kafa kamfanonin musaya, RCI a 1974 da Interval International a 1976, domin mai mako a wani gari ya ba da nasa ya karɓi na wani a wata ƙasa, bayan ya biya kuɗin zama memba da ladan musaya. Akwai kuma tsarin maki, wanda kamfanin Disney ya fara nasa a 1991. A wannan tsari ba a ba mutum takamaiman mako, sai dai a ba shi maki kowace shekara ya riƙa kashewa wajen kama ɗaki, daren da ake rububinsa ya ci maki da yawa, wanda ba a damu da shi ba ya ci kaɗan.

Abin da Ake Saya

Mai talla yakan ce mutum ya mallaki gida a bakin teku. Ya kamata a yi hattara da wannan magana. A wasu yarjeniyoyin lalle akwai takardar mallakar wani ɗan ƙaramin kaso na ginin, amma a da yawa ikon sauka kawai ake sayarwa na wasu shekaru, in sun cika shi ke nan. Ko wanne ne daga ciki, akwai abu guda da ba ya canzawa, watau kuɗin kula da gini. Wannan kuɗi tilas ne a biya shi kowace shekara, ko an je ko ba a je ba, ko da lafiya ko babu, kuma galibi hawa yake yi. In aka yi babban gyara, ko guguwa ta yi ɓarna, ana iya ɗora wa masu makonni wani kuɗin na musamman a bisa na kullum. Saboda haka wanda ya sa hannu ya ɗauki alkawarin biya ne mai tsawo, hutun kuwa yana biye da alkawarin.

A Amurka, bisa ga alƙaluman ƙungiyar masu wannan sana'a na 'yan shekarun nan, matsakaicin kuɗin saye ya haura dala 20,000, na kula da gini kuma ya haura dala 1,000 a shekara.

A Zauna a Yi Lissafi

A ɗauki misalin uwa mai ɗa guda ɗan shekara 8. In ta saya a kan dala 20,000, tana biyan 1,000 kowace shekara har yaron ya kai 18, to ta kashe dala 30,000 cikin shekara 10, ko da an ƙaddara kuɗin shekara bai ƙaru ba ko sau ɗaya. Abin da ta samu shi ne kwana 70. Kowane dare ya tashi kimanin dala 430 ke nan, ba a sa kuɗin jirgi da biza da abinci ba. In shekara biyu suka wuce ba ta sami zuwa ba, kwanakin sun koma 56, kowane dare ya zarce dala 530.

Dalilin da ya sa lissafin yake yin nauyi a irin wannan gida a fili yake. Da ɗaki ake sayar da makon, ba da yawan mutane ba, kuma yawancin ɗakunan an gina su ne domin iyali mai mutum huɗu ko shida, da falo da madafa, wani lokaci da ɗakin kwana biyu. Iyali mai yawa, wanda da sai ya kama ɗaki biyu ko uku a otal kuma ya sayi abincin bakin kowa a waje, zai iya ganin sauƙi. Uwa da ɗa kuwa ɗaki ɗaya na otal ya ishe su, saboda haka suna biyan kuɗin gadajen da ba mai kwana a kansu.

Ga ɗan Nijeriya akwai ƙarin nauyi, domin da kuɗin waje ake biya alhali da Naira yake samu. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin hukuma. Bayan an saki darajar Naira a watan Yuni na wannan shekara, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 dala ta haura Naira 1,400. Watau kuɗin shekara na dala 1,000, wanda dā yake kusan Naira 460,000, ya zarce Naira miliyan 1.4 cikin ƙasa da shekara guda, ba tare da kamfanin ya ƙara ko kwabo ba. A gidan da mutum biyu suke samu, in ɗaya ya gaza ɗayan ya tallafa. A gidan da albashi ɗaya ne, daga aljihun da za a biya kuɗin makaranta da na asibiti za a ciro wannan kuɗi. Wanda kuma bai da kuɗin saye a hannu, kamfani yakan yi masa tayin bashi nan take, sai dai ruwan da ake ɗorawa galibi ya fi na bashin sayen gida nesa ba kusa ba, ga kuma abin da addini ya tanada game da riba, wanda kowa ya sani.

Lokacin Hutu

Mai ɗa a makaranta ba shi ne yake zaɓen lokacin tafiya ba, makaranta ce take zaɓa masa. Dogon hutu a nan ƙasar yakan faɗo daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, sai na Disamba, sai na wajen Afrilu. Waɗannan kuwa su ne lokutan da wuraren shaƙatawa suka fi cika: Yuli da Agusta a Turai da Amurka, Disamba a Afirka ta Kudu da Dubai. Kamfanonin musaya sun daɗe suna raba makonnin shekara launi-launi, ja shi ne na lokacin cunkoso, kuma shi ya fi tsada. Makon da ake sayarwa da rahusa yawanci na lokacin da yara suke aji ne, wanda ba shi da wani amfani ga wanda ake magana a kansa. A tsarin maki kuma sai an yi sammakon kama ɗaki. A shirin Disney, alal misali, tun saura wata 11 ake buɗe wa memba damar kama ɗaki a masaukin da ya saya. Ma'aikaciyar da ba ta san ranar da za a amince mata da hutunta na shekara ba, kuma ba ta da wanda za ta bar wa gida, da wuya ta iya yanke shawara tun da nisa haka.

A nan ne kuma batun takardu yake shigowa. Mallakar mako a wata ƙasa ba ta ba kowa izinin shiga ƙasar. In an hana biza, kuɗin shekara yana nan daram. Bugu da ƙari, ofisoshin jakadanci da dama sukan nemi takardar yardar ɗaya mahaifin kafin su ba ƙaramin yaro biza, ko takardar shaidar rasuwarsa, ko hukuncin kotu game da riƙon yaron. Inda aka rabu ba cikin daɗi ba, wannan takarda ɗaya ta isa ta hana tafiya.

Yaro Yana Girma, Yarjejeniya Tana Nan

Wannan shi ne abin da masu talla ba su cika tsayawa a kai ba, alhali shi ne ya fi kome muhimmanci. Shekarun da yaro yake murnar bin mahaifiyarsa ko mahaifinsa zuwa wurin iyo da lilo ba su da yawa. Kafin a farga ya shiga ajin jarrabawa, hutunsa ya koma na darasi, daga nan sai jami'a ko koyon sana'a. Yarjeniyoyin kuwa na shekara 30 ne, ko 50, wasu ma ba su da ranar ƙarewa. Har ila yau, zaman gidan kansa yana iya sakewa: mace ta sake aure, namiji ya yi wata matar, yaro ya koma hannun dangin uba ko na uwa, a yi wa mutum canjin wurin aiki. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da yake sauke alkawarin.

Mai karatu zai ce, to sai a sayar mana. Nan ma akwai ƙaya. Masu neman rabuwa da makonninsu sun yi yawa, masu saye kuwa kaɗan ne, har ta kai ana samun masu tallan nasu a kan dala ɗaya, wasu su bayar kyauta, muddin wani zai karɓi nauyin kuɗin shekara. Wannan hali ya buɗe ƙofa ga 'yan damfara, waɗanda sukan buga waya su ce sun sami mai saye, a aiko da kuɗin takardu tukuna. Hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta sha yin gargaɗi a kan haka. A Afirka ta Kudu kukan jama'a ya kai hukumar kare masu saye ta ƙasar ta buɗe bincike a 2017, ta fitar da rahoto a 2018, kuma manyan ƙorafe-ƙorafen su ne yarjeniyoyi marasa ƙarshe, da hawan kuɗin shekara, da rashin samun ɗaki lokacin da ake so. A Sifaniya kuwa Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2015 cewa yarjejeniya marar wa'adi da aka ƙulla bayan dokar ƙasar ta 1998, wadda ta ƙayyade shekara 50, ba ta da inganci.

Mai ɗa guda tilas ne ya yi tunanin bayan ransa fiye da kowa. In mai mako ya rasu, kuɗin da ake binsa yakan hau kan dukiyar da ya bari, kuma sananne ne cewa sai an biya bashi kafin a raba gado. Abin da aka saya domin faranta wa yaro yana iya zama abin da zai rage masa ɗan rabonsa, a lokacin da ba shi da mai tsaya masa.

Inda Cinikin Zai Iya Dacewa

Ba a ce kowane mai saye yana da na sani ba. Akwai waɗanda suka shekara da shekaru suna jin daɗin nasu. In aka duba, galibi mutane ne masu samun kuɗin waje, waɗanda dā ma sukan tafi wuri ɗaya kowace shekara, suka biya ba da bashi ba, kuma wurin bai yi musu nisa ba. Uwa ko uba mai irin wannan hali, wanda ya riga ya tanadi kuɗin karatun yaron, kuma yakan yi tafiya da kaka ko 'yan'uwa har ɗakin ya cika, zai iya amfana, musamman in ya sayi na hannu a wajen wani mai shi da rahusa, kuma yarjejeniyar mai gajeren wa'adi ce. Wanda bai cika waɗannan ba, ya fi masa ya riƙa tara abin da ya sawwaƙa ya kama ɗaki shekarar da hali ya yi. Mai son ya ɗanɗana irin waɗannan masaukai yana iya hayar mako guda daga hannun wani memba ba tare da ya ɗaure kansa ba. A cikin gida ma akwai Yankari a Jihar Bauchi da ruwan ɗuminta na Wikki, da tsaunin Obudu a Jihar Kuros Riba, da Ikogosi a Jihar Ekiti inda ruwan ɗumi da na sanyi suke haɗuwa, duka ba sai da biza ko dala ba.

In An Gayyaci Mutum Taron Talla

Yawanci da kyauta ake farawa: kwana biyu a otal, ko cin abinci, bisa sharaɗin a saurari bayani na ɗan lokaci, wanda sau da yawa yakan ja ya ci sa'o'i. A ƙarshe a ce rangwamen na yau ne kaɗai. Kada a sa hannu a ranar, kada kuma a ba da katin banki. A nemi yarjejeniyar a rubuce a kai wa lauya, a tambayi wa'adinta, da abin da aka biya na kula da gini cikin shekara biyar da suka wuce, da hanyar fita, da abin da zai faru in mai ita ya rasu. Alkawarin baka da ba ya cikin takarda ba ya ɗaure kamfani.

Wanda ya riga ya sa hannu ya duba kwanakin janyewa da gaggawa. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta 2008 ta ba da kwana 14, ta kuma hana karɓar kuɗi kafin su cika. A jihar Filorida ta Amurka kwana 10 ne. A rubuce ake janyewa, a kuma adana shaidar aikawa. In a nan Nijeriya aka ƙulla cinikin, ana iya kai kuka ga Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, wadda dokar 2018 ta kafa a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye. In kuwa a waje aka sa hannu, yawanci dokar can ce take aiki, kuma can za a bi ƙarar.