«Yarima a Niyok» kashi na biyu: taron tsintsiya ba shara

Duk wanda ya zauna bisa benci a gidan bideyo cikin shekarun 1990, a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, da wuya a ce bai ga fim ɗin nan na Amurka da Faransawa suka laƙaba wa suna «Un prince à New York» ba. A shekarar 1988 ya fito, John Landis ne ya tsara shi. Labarin Akeem ne, ɗan sarkin wata ƙasar Afirka ta ƙage mai suna Zamunda, wanda ya ƙi matar da aka zaɓa masa. Ya tafi unguwar Kwins ta birnin Niyok, ya ɓoye sarautarsa, ya kama shara a gidan abinci don ya samu mai son sa saboda Allah.

Bayan shekara 33, cikin watan Maris na 2021, kashi na biyu ya fito a hannun Craig Brewer. Annobar korona ta hana a kai shi gidajen sinima, sai kamfanin Amazon ya saye shi ya nuna ta intanet. An ruwaito cewa dalar Amurka miliyan 125 ya biya, watau fiye da miliyar 60 na kuɗin sefa.

Wanda ya karanta sunayen ƴan wasan zai ce an gama magana. Ga Eddie Murphy da abokinsa Arsenio Hall sun dawo. Ga Tracy Morgan da Leslie Jones, waɗanda suka yi shekaru suna bai wa Amurkawa dariya a shirin talabijin na «Saturday Night Live». Ga Trevor Noah na Afirka ta Kudu, ga Michael Blackson haifaffen Gana. To amma ba girin-girin ba, ta yi mai.

A wannan karo Akeem ya gaji mahaifinsa. Ƴaƴansa uku duk mata ne, dokar Zamunda kuwa ta ce namiji ke gadon sarauta. Sai aka gano yana da ɗa a Kwins mai suna Lavelle, wanda bai san da shi ba. Aka ɗauko yaron da uwarsa, kawunsa ma ya biyo su fada. Janar Izzi na ƙasar makwabta yana so ya aura masa ɗiyarsa, shi kuwa zuciyarsa ta tafi wurin Mirembe, mai gyara masa gashi.

A nan aka yi kuskuren rabo. Soyayyar Lavelle da Mirembe ta ci babban kaso na minti 110 na fim ɗin. Jermaine Fowler da Nomzamo Mbatha ba su gaza ba, amma hanyar da suka bi ita ce wadda Akeem ya bi a 1988, mai kallo ya san inda za ta ɓulle. Wani kaso kuma ya tafi wajen tuna baya: ana sake nuna guntayen tsohon fim, ana jero mawaƙa, daga Gladys Knight a jana'izar da sarki Jaffe ya shirya wa kansa tun yana da rai, har zuwa Davido a wurin biki. Abin da ya rage shi aka gutsuttsura wa masu barkwanci.

A duba abin da ya samu Arsenio Hall. A fim na farko Semmi, baran yarima, mutum ne mai buƙatar kansa: ya ƙi jinin talauci, ya ƙawata ɗakin haya da kayan alatu, ya buga waya gida yana roƙon kuɗi, abin da ya jawo sarki da kansa zuwa Niyok. Dariyar daga halinsa take fitowa, kuma ita ke tura labarin gaba. A na biyu ya zama ɗan rakiya. An haɗa shi faɗa da Tracy Morgan, kawun yaron, a kan wa zai tarbiyyantar da sabon yarima. Wannan gaba kaɗai ta isa ta riƙe rabin fim, amma da ta fara zafi sai a yanke a koma wani wuri. Trevor Noah mai karanta labarai ne na ƴan mintoci. Blackson kuwa mai shelar isowar janar ne, daga nan sai tsayuwa a bayansa.

Haka ma shagon aski. A 1988 Murphy da Hall, cikin kamannin tsofaffi, sun samu fili suna gardamar wa ya fi iya dambe tsakanin Joe Louis da Rocky Marciano, kowa na kafewa a kan tasa har abin ya zama hauka. A 2021 an leƙa shagon ne kamar mai gaisuwar wucewa.

Abin mamaki, wanda ya fi haskawa shi ne Wesley Snipes, da aka fi sani da finafinan faɗa. Dalili a fili yake: Janar Izzi yana da abin da yake nema, kuma duk shigowarsa fada an bar shi ya yi rawarsa da taƙamarsa har ƙarshe. Leslie Jones ma ta ɗan samu iska a inda aka zaunar da ita tare da sarauniya Lisa.

Barkwanci kamar ciniki ne a kasuwa: sai da abokin ja, sai da lokacin tayi da albarka. Ɗan kasuwar da ya saro kaya masu tsada ya kulle su a sito bai ci riba ba. Ma'aikaci kuma ya san yadda ake ɗaukar gwani a ba shi tebur da kujera, a hana shi aiki.

Duk da haka fim ɗin yana da abin da zai sa a neme shi. James Earl Jones, sarki Jaffe, da John Amos, surukin Akeem, dukansu sun rasu a 2024, kuma a nan aka gan su cikin waɗannan matsayi karo na ƙarshe. Mai son ya sake ganin tsofaffin fuskoki zai ji daɗi. Mai neman dariyar da ke sa hawaye kuwa, gara ya koma ga na 1988.