Wanda Ake Yi Wa Tafi da Wanda Ake Ratayawa a Fuska

A shekarar 2022 hoton wani yaro ɗan Kano ya zagaye wayoyin mutane. Isah Auwal Barde, mai shekara 17, ya ɗaura wasu ƙarafa da wayoyi a jikinsa, ga kuma wani mutum-mutumi tsaye kusa da shi. Idan ya ɗaga hannu, shi ma sai ya ɗaga. Idan ya sauke, ya sauke. Shekara biyu ya yi yana haɗa shi da kwali da bututu da wayar tagulla da ƙananan injina masu aiki da batir. Shekara biyu bayan haka, wani matashin ɗan Kano, Khalifa Aminu, mai shekara 18, ya fito da tabarau mai ƙara idan makahon da ya sa shi ya tunkari bango ko wani abu da ya tare hanya. Duk ɗan sakandaren da ke son ƙere-ƙere a yau, a Unguwar Shanu ta Kaduna yake ko a Fagge ta Kano, ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu yake hange. Malamin kimiyya ma da ɗaya daga cikinsu zai fara, tunda kuɗin kayan aiki ba ya isa a yi duka.

Ba na raina mutum-mutumi. Yaron da ya sa hannun kwali ya lanƙwashe a daidai gwiwa ya koyi abin da allo ba ya koyarwa: nauyin da ƙaramin inji zai iya ɗagawa, dalilin da batir ke mutuwa da wuri, yadda ake liƙa waya da dalma ba tare da an ƙona abin da ke gefenta ba. Ga shi kuma yana jan ƙannensa. Ranar da aka fito da irin wannan a filin makaranta, yara goma za su koma gida suna farke tsohuwar rediyo. Wannan riba ce babba.

Amma alƙalin mutum-mutumi ɗan kallo ne, shi kuwa ɗan kallo sauƙin kai gare shi. Minti biyar na motsi ya ishe shi. Idan waya ta tsinke bayan baƙi sun watse, babu wanda ya ji ciwo, sai a jingine abin a ofishin shugaban makaranta ƙura ta rufe shi.

Tabarau fa? Alƙalinsa mutum ne da zai miƙa masa goshinsa da ƙafarsa.

Wata safiya na biyo wani dattijo makaho a wani lungu da ke gangarawa wajen Abakpa, a Kaduna. Yaro ne ke riƙe da bakin sandarsa, ɗan kimanin shekara tara, a lokacin da sa'o'insa ke aji. Na lura da abubuwan da yaron ke kauce wa: kwata a buɗe wadda murfinta ya karye, tulin yashin masu gini, igiyar akuya da aka ɗaure a jikin turke, sai wata kwanar rumfa da ta sunkuyo daidai tsayin kai. Cikin huɗun nan, kwanar rumfar kaɗai na'urar da ke kan fuska za ta gano da tabbaci. Dalilin a yadda take aiki yake. Irin wadda ɗalibai suka fi saye tana harba sautin da kunnen mutum ba ya ji, ta jira ya bugi abu ya dawo, ta lissafa nisa da lokacin da ya ɗauka, tunda sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya. Iyakar ganinta kamar mita huɗu ne. Bango yana maido da sauti. Ramin da ke ƙasa kuwa ba ya cikin abin da ta fuskanta, sai ta yi shiru, mai ita ya ɗauka hanya lafiya lau. Irin mai aiki da hasken da ido ba ya gani kuma, zafin ranar tsakar rana na iya rikita ta.

Akwai kuma maganar ƙarar kanta. Kunne shi ne idon makaho. Da shi yake gane keke napep na tahowa, da shi yake gane ya iso bakin titi. Na'urar da ke tsiwa a kunnensa duk taku ta ba shi abu ɗaya ta ƙwace masa wani. Shi ya sa masu ƙera irin waɗannan kaya da dama suka koma ga girgiza, abin ya motsa a fata maimakon ya yi kuka. Ɗalibi ba zai gano wannan a kan benci ba, sai ya ba mai lalurar ya sa, ya bi shi a baya, ya ji ƙorafinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan ba laifin yaranmu ba ne. Tun shekarun 1960 injiniyoyi a Ingila da Amurka ke ƙera na'urorin jagora masu sauti da haske, amma har yau farar sanda ce ta fi su karɓuwa a hannun makafi, domin ba ta neman caji, ba ta tsoron ruwan sama, kuma tana taɓa ramin kafin ƙafa ta kai. Abin da ya zauna daram a rayuwar makafi shi ne rubutun ɗigo-ɗigo da ake karantawa da yatsa, kuma ɗan makaranta ne ya tsara shi: Louis Braille, a Faransa, a 1824, yana da shekara 15. Shi kansa makaho ne. A Kano ma, akwai kekunan guragu masu tuƙi da hannu da waɗanda shan inna ta taɓa suke waldawa da kansu, sun san inda baya ke ciwo da inda sarƙa ke zamewa.

To a nan ne ma'aunina ya rinjaya. Mutum-mutumi yana horar da hannu. Kayan taimakon naƙasassu yana horar da hannu, ya ƙara da kunne da haƙuri, ya kuma tilasta wa yaro tambayoyin da injiniya na gaskiya ke kwana da su: nawa zai tsaya wa mai saye, wa zai gyara idan ya lalace, yaya za a yi masa caji a unguwar da wuta ke kwana biyu ba ta zo ba, zai jure ƙurar hunturu? Sai dai rinjayen da sharaɗi. Tabarau da aka haɗa don gasa kawai, ba a taɓa ɗora shi a fuskar makaho ba, shi ma mutum-mutumi ne, har gara na kwalin, domin shi bai yi wa kowa alkawari ba.

Mu a Kaduna ba mu da uzuri. Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a garin nan take. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga Kasuwar Panteka inda babu ƙarfen da ba a lanƙwasawa. Akwai makarantar gwamnati ta yara masu buƙata ta musamman, cike da ɗaliban da suka fi kowa sanin abin da ke damunsu. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙi a takarda. Kayan da za su yi tafiya da su a lungu kuwa sai an ƙera.

Malam mai koyar da kimiyya, bar yaran aji ɗaya su yi mutum-mutuminsu, hannunsu ya faɗa. Amma 'yan aji biyar da shida, kafin ka sa su sayi waya ko ɗaya, kai su su gaida makahon unguwarku, su nemi izininsa su raka shi daga ƙofar gida zuwa masallaci, su rubuta duk abin da sandarsa ta taɓa.