Jika Goma ko Malamar Unguwa? Abin da Aka Gwada a Tibiri da Gesheme

Mutanen Tibiri, yau shirin naku ne. Tibirinmu ta Arewa nake nufi, garin Samna, ba Tibirin Gobir ta jihar Maradi ba, don kada wani ya tafi da labarin gidan da ba nasa ba.

Maganar raino za mu yi. Wa ke koya wa uwa raino? Na san abin da tsofaffinmu za su ce, kuma da gaskiyarsu: mu wa ya koya mana, ga ku nan kun girma har kuna magana a rediyo? To, Inna, a yi mini haƙuri, a ba ni aron kunne. Akwai wani gwaji da aka yi a ƙauyukanmu, a nan ƙasar Tibiri da Gesheme, wanda masana a jami'o'in duniya suke karantawa, mu kuwa da aka yi a ƙofar gidanmu da yawa ba mu ji sakamakonsa ba.

Bari in gaggauta bayanin asali. A 2011 gwamnatin Nijar ta kafa shirin tallafa wa gidaje marasa ƙarfi da kuɗin Bankin Duniya, ƙarƙashin ofishin Firaminista. A waccan shekarar ce ma aka ɓalle Tibiri daga Dogondutsi ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Tsarin shirin shi ne a zaɓi gidajen da suka fi buƙata, a riƙa ba mace a gidan jika 10 na sefa kowane wata, har wata 24. A wasu garuruwan kuma aka haɗa kuɗin da koyarwa kan rainon yara.

Ga inda abin ya ja hankalina. Kuɗin ba zai ishi kowane gari ba. To yaya za a yi zaɓe ba a ce an yi son kai ba, ba a ce garin wane ya ci don ɗan'uwansa yana sama ba? Sai aka yi ƙuri'a. Aka tara masu gari da hukumomin ƙaramar hukuma, aka yi ta a bainar jama'a, kowa yana gani. Ku ƙiyasta zuciyar maigari a wannan rana, ya baro talakawansa suna jiran labari, shi kuma ba shi da abin yi sai addu'a. Garuruwa suka kasu uku. Wasu suka samu kuɗi kaɗai. Wasu suka samu kuɗi da koyarwa. Wasu kuma a wannan zagayen ba su samu ko ɗaya ba.

In sake faɗa, don a nan hikimar take. Kuɗi kaɗai, kashi ɗaya. Kuɗi da koyarwa, kashi na biyu. Na uku babu ko ɗaya. Tun da ƙuri'a ce ta raba su, ba wanda zai ce ai waɗancan dama sun fi wadata ko sun fi wayewa. In bayan shekara biyu aka ga bambanci tsakaninsu, to shirin ne ya kawo shi. Ƙananan hukumomi 6 aka yi wannan a cikinsu: Tibiri da Gesheme a jihar Dosso, sauran 4 a jihar Maradi, cikinsu har da Gidan Sori da Sae Sabuwa. Masu binciken su biyu ne, Patrick Premand na Bankin Duniya da Oumar Barry na Jami'ar Cheikh Anta Diop da ke Dakar. Sun buga sakamakon a 2022.

(Kiɗa)

Yaya koyarwar take? Ba aji ba ne mai allo da benci. Kowane wata ana yin abu uku. Ma'aikacin wata ƙungiya ya zo ya tara gari gaba ɗaya, maza da mata, a yi taro a fili. Daga nan wata malama 'yar garin, wadda aka horar, ta zauna da mata ƙungiya-ƙungiya a tattauna darasin watan. Sai na ukun, wanda ni a ganina shi ne ƙashin bayan abin: malamar ta bi gida-gida. Ta yi sallama ta shiga, ta zauna bisa tabarma, ta ga randar ruwa da idonta, ta ga inda yaro ke kwana, ta ga abin da ke cikin ƙwaryar kunu. Haka aka yi ta yi kimanin wata 18.

Darussan kuwa yawancinsu kun sha ji a likita. Nono zalla har wata 6. Kada a zubar da dakashi, wato nonon farko mai kauri, a ba jariri shi. Bayan wata 6 a fara ƙara abinci. Wanke hannu da sabulu. Kwana cikin sange. Ruwan gishiri da sukari in zawo ya kama yaro. Rigakafi. Tazarar haihuwa. Waɗannan daga tsarin UNICEF aka ɗauko su. Abin da aka ƙara shi ne wasa da yaro, yi masa magana tun bai iya amsawa ba, yin takardar haihuwa, da rage duka da tsawa wajen tarbiyya.

To me aka gani?

Gidajen da suka karɓi kuɗi kaɗai sun samu sauƙi, wannan ba musu. Abinci ya ƙaru, cefane ya ƙaru. Amma yadda ake rainon yara bai canza ba, kuma ba a ga ci gaba a jikin yaran ko fahimtarsu ba. Wani ɓangare na kuɗin ma ya tafi ne ga sayayyar manya. Ban ce laifi ba ne. Macen da ta shekara da zane ɗaya in ta samu hali ta sayi na biyu, wa zai ga baƙinta?

A garuruwan da aka haɗa da koyarwa kuwa, hali ya canza: wajen ciyarwa, wajen kula da lafiya, wajen wasa da yaro, wajen kare shi. Abincin gidan ya ƙara karkata wajen ƙananan yara. Kuɗin ɗaya ne, jika 10 ce nan, jika 10 ce can, amma inda aka yi magana da uwa, rabon yaro ya ƙaru. An kuma ga ɗan ci gaba a ɗabi'ar yaran da yadda suke mu'amala da mutane.

Sai wani abu da ya faranta mini rai. Maƙwabtan da ba su cikin jerin masu karɓar kuɗi, ko dala ba a ba su ba, su ma rainonsu ya canza. Mu da muka san ƙauye ba za mu yi mamaki ba. Taron gari ba a hana kowa zama, kuma abin da aka faɗa wa mace ɗaya da hantsi, kafin la'asar ya kai bakin rijiya, ya kai wurin sussuka, ya kai gidan suna. Kenan ba kuɗin ne ya sa mata suka ɗauki darasin ba.

Amma kada in yi muku daɗin baki. Da aka auna tsawon yaran da nauyinsu, ba a ga bambanci ba. Da aka gwada kaifin fahimtarsu, nan ma ba a ga bambanci ba. Masu binciken da kansu suka rubuta haka, ba su ɓoye ba, kuma na jinjina musu a kan wannan. Ba kowane mai shiri ne zai fito ya ce ga inda ban kai ba.

Me ya sa? Nan ra'ayina ne zan faɗa. Uwa ta wanke hannu, amma ruwan da za ta dama kunu da shi daga rijiya marar murfi ya fito. Ta rataya sange, amma damina ta zo da masassara, yaro ya kwanta sau biyu sau uku. Ta san ya kamata a sa wake ko ƙuli-ƙuli ko garin zogale a kunu, amma watan da rumbu ya yi ƙasa, maigida ya tafi bida, gero kaɗai ya rage. Tsawon yaro kuma tun yana ciki ake gina shi, har ya cika shekara 2, abin da likitoci ke kira kwana 1000 na farko. Wanda ya riga ya wuce wannan lokacin da tsumburewa, wuya ne ya cike giɓin. Malamar unguwa tana iya gyara abin da ke hannun uwa. Rijiya da magani da hatsi ba a hannun uwa suke ba.

(Kiɗa)

Bari mu ƙetare teku kaɗan, don akwai labarin da ke sa ni ƙin yanke hukunci da wuri. Tsibirin Jamaika, birnin Kingston, shekarun 1986 da 1987. Wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa wata 24, daga unguwannin talakawa. Wasu aka riƙa ba su madara kowane mako. Wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ta unguwa ke zuwa gidansu sau ɗaya a mako, ta yi kamar awa guda tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta yaba masa in ya yi daidai. Kayan wasan ba na kanti ba ne, na gida ne, daga robobi da tsummoki da makamantansu. Shekara 2 ana yi, aka daina.

Aka bar yaran suka girma. Bayan shekara 20 aka bi sawunsu, aka buga sakamakon a 2014. Waɗanda aka yi wa ziyarar wasa, abin da suke samu a wurin aiki ya fi na takwarorinsu da ba a yi wa ba da kimanin kashi 25 cikin 100. Madarar kuwa, amfaninta bai daɗe haka ba. Ku ji fa: wasa, da robar da aka yar. Sai dai a lura, can kowane mako ake zuwa, nan kuwa kowane wata. Yaran Tibiri da Gesheme da aka auna a wancan lokacin yanzu sun zama 'yan samari da 'yan mata. Da ni ke da iko, da na sa an koma an duba su.

Yanzu ga abin da na fi so mu tattauna a gidajenmu yau da dare. An ce uwa ta yi wa jariri magana, ta yi masa wasa, ta kalle shi ido cikin ido. Madalla. To yarinyar da ta yi haihuwar fari fa? A al'adarmu kunyar ɗan fari take yi. Ba ta kiran sunansa. Ba ta yi masa wasa gaban mutane, balle gaban surukai. In ta yi, a ce ba ta da kunya. Ita ce kuma mafi ƙuruciya, mafi buƙatar a koya mata. Ka je ka ce mata ta riƙa yi masa hira a tsakar gida, ka haɗa ta da uwar miji.

Amma al'adar da ta ɗaure ta nan, ta kwance ta can. Wa ke da cikakken 'yancin wasa da yaro? Kaka. Ita ce ke ce wa jikanta namiji maigidana, ina cefane? Ta ce wa macen kishiya, kin zo ƙwace mini miji. Kakan namiji ya ce amaryata. Wannan tsokanar ta kaka da jika, ita ce fa abin da aka tafi har Jamaika ana aunawa. Muna da ita tun kaka da kakanni. Kuma kakar nan ita ce ke yanke hukunci a kan bauri, ita ke cewa a ba jariri ruwa don zafin bazara ya yi yawa, ita ake kai wa yaro in an tashi yaye. In ba ta yarda ba, duk abin da malama ta faɗa wa suruka a bakin ƙofa zai tsaya. Don haka Inna, Iya, Hajiya, ku nake roƙo. Ruwan da kuke tausayin jariri a kansa yana cikin nonon, kusan kashi 9 cikin 10 na nono ruwa ne. Uwar za a ƙara wa hura da ruwa, shi kuma a ƙara sa shi a nono.

Sai 'yar raino, yarinya 'yar shekara 7 ko 8 da ke yini da ƙanenta a baya yayin da uwa ke gona ko daka. Ita ma mai raino ce, kuma ban cika jin ana kiranta taro ba.

Ana yi mini alama lokaci ya kusa, bari in tattara sauran da sauri.

Maza. A jihar Damagaram aka fara makarantar mazaje da tallafin UNFPA, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu da awon ciki, daga baya ta bazu zuwa wasu jihohi. Maigida, kai ke riƙe da makullin rumbu, kai ke ba da izinin zuwa likita. Ranar taro kada ka ce na mata ne.

Igiyar awon damtse. A Mirya, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya wa iyaye mata su auna damtsen 'ya'yansu da kansu, aka ga sun iya kamar yadda ma'aikatan gari suka iya. Yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. In igiyar ta nuna kore, lafiya lau, rawaya a je a nuna shi, ja kuwa, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani, a kai shi likita ranar, kada a jira ranar kasuwa. Ku tambayi rele, wato mai wayar da kai kan lafiya na garinku, ko ma'aikacin likita ya nuna muku.

Tun 2006 doka ta ce duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a likitocin gwamnati, ko da yake wani lokacin a tarar maganin ya ƙare. Duk da haka a je. In damina ta sauka kuma masu rabon maganin rigakafin masassara suka zo, na yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 ne, kwana 3 ake sha kowane wata. Na ranar farko a gabansu, na kwana biyun da suka rage a hannunki yake, kada ki ajiye shi don wata rana.

Maganar yaye da takardar haihuwa sai wani shirin, in Allah ya kai mu.