Wankin Ciki Kafin a Duba Babban Hanji

Kolonoskofi gwaji ne da likita ke zura wani siririn bututu mai lanƙwasa ta dubura, da kyamara da fitila a bakinsa, domin ya ga cikin babban hanji tun daga ƙasa har inda ya haɗu da ƙaramin hanji. Tsawon babban hanji ya kai wajen mita ɗaya da rabi. Ana yin gwajin ga mai zubar jini a bahaya, ko mai gudawar da ta ƙi tsayawa, ko wanda jininsa ke raguwa ba a san dalili ba, haka kuma ga masu lafiya da suka manyanta domin neman ƙananan tsiro da kan rikiɗe su zama ciwon daji. Likitoci biyu a birnin New York, William Wolff da Hiromi Shinya, su ne suka fara cire irin wannan tsiro ta cikin bututun a 1969 ba tare da an tsaga ciki ba. Sankarar babban hanji ita ce ta uku a yawa cikin cututtukan daji a duniya, kuma tsiron kan ɗauki wajen shekara goma kafin ya zama ita, saboda haka cire shi da wuri rigakafi ne.

Sai dai kyamara ba ta ganin abin da bahaya ya rufe. Idan hanjin bai wanku ba, tsiro kan ɓuya, aikin ya ɗauki lokaci, majinyaci ya ƙara shan wahala, wani lokacin ma a dakatar a ce ya dawo wata rana da sabon kuɗi. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa kusan gwaji ɗaya cikin huɗu ko biyar ana yinsa ne a kan hanjin da bai wanku sosai ba. Likitoci na da ma'aunin da aka fitar a Boston a 2009, wanda ya kasa hanjin kashi uku, kowane kashi a ba shi maki daga 0 zuwa 3. Ana ɗaukar wankin ya yi idan jimlar ta kai 6 kuma babu kashin da ya gaza 2.

A shekarun farko wankin ya fi gwajin kansa azaba. Majinyaci kan kwana biyu ko uku ba ya cin komai sai ruwa-ruwa, ya sha man zurma, a kuma yi ta ɗura masa ruwa ta dubura. An yi amfani da wani nau'in sukari mai suna manitol, amma ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a hanji suna narka shi su fitar da iska mai kama wuta. A 1979 likitoci a Faransa suka ba da rahoton majinyacin da ya rasu sakamakon fashewar hanjinsa lokacin da ake ƙone masa tsiro da lantarki. Sauyi ya zo a 1980, lokacin da John Fordtran da abokan aikinsa a Dallas ta Amurka suka haɗa ruwan sinadarin da ake kira PEG. Wannan ruwan yana ratsa hanji ya fita yadda ya shiga: jiki ba ya tsotsarsa, shi ma ba ya kwashe gishirin jiki. Aibinsa yawa da ɗanɗano. Lita huɗu na ruwa mai gishiri-gishiri ba ƙaramin aiki ba ne, kuma mutane da yawa kan kai rabi zuciya ta tashi su ajiye.

Gyara mafi amfani da aka samu tun daga lokacin bai ci ko sisi ba, domin lokacin sha kawai aka sauya. A da ana shanye maganin duka da yammacin jajiberin gwaji. Yanzu ana raba shi biyu, rabi da yamma, rabi da safiyar ranar. Dalilin shi ne ƙaramin hanji ba ya barci. Ko an wanke babban hanji tas da daddare, kafin gari ya waye majina da ruwan ɗaci sun gangaro sun lulluɓe ɓangaren dama, inda shimfiɗaɗɗen tsiro mai wuyar gani ya fi fitowa. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin hanji na Amurka suka tsaya a kai ita ce a fara kashi na biyu awa huɗu zuwa shida kafin gwaji, a gama aƙalla awa biyu kafin a shiga. Wanda aka ba ƙarfe tara na safe ke nan zai tashi tun kafin asuba. Tashin da nauyi, amma shan lita biyu sau biyu ya fi shan huɗu a zama ɗaya sauƙi, kuma hanjin ya fi fita tsaf. Idan da rana ne gwajin, ana iya shan duka da safe.

An kuma rage yawan ruwan. Akwai haɗin PEG da sinadarin bitamin C mai lita biyu irin Moviprep, da mai lita ɗaya irin Plenvu, da garin Picolax da ake damawa a kofi, da ƙwayoyin Sutab guda 24 da Amurka ta amince da su a 2020. Kowannensu yana buƙatar a bi shi da ruwa mai yawa, don haka raguwar ta maganin ce kawai. Ba kowane ne ya dace da kowa ba. Maganin da ke ɗauke da fosfet ya yi tashe saboda ƙanƙantarsa, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi kakkausan gargaɗi a kansa a Disambar 2008 bayan an gano yana lalata ƙoda. Mai ciwon ƙoda ko zuciya ko hanta, da dattijo, likita ne zai zaɓa musu, kuma galibi PEG ake ba su. Jiƙe-jiƙen wankin ciki da ake sayarwa a kasuwa ba sa maye gurbin ɗaya daga cikin waɗannan.

Batun abinci ma ya sassauta. An gano cewa barin mutum ya ci abinci mai sauƙin narkewa da safe da rana a jajiberi ba ya ɓata wankin, kuma wanda bai galabaita da yunwa ba ya fi iya shanye maganinsa. A nan takardun da asibitoci ke kwafowa daga ƙasashen waje kan gaza, domin suna lissafa abincin da ba shi ke kan faifan majinyaci a Kano ko Maraɗi ba. Abin da ya halatta shi ne farar shinkafa, taliya, farin burodi, ƙwai, kifi da kaza. Abin da za a ƙaurace wa kwana biyu ko uku shi ne duk mai ganye, ƙwaya, ɓawo ko dusa: wake, gyaɗa, riɗi, zogale, rama, alayyahu, kuɓewa, gwaba, dabino. Ƙwayar kuɓewa ko ta tumatir kan toshe hanyar da na'urar ke zuƙe ruwa da ita. Idan an ce ruwa zalla, ana nufin wanda ake gani ta cikinsa, kamar ruwan sha, shayi ba madara, da tataccen romo. Kunu da koko da fura da nono ba sa ciki. Zoɓo kuwa, duk da tsinkakke ne, jansa kan yi kama da jini a allon likita.

Maganin ƙarin jini yana baƙanta bahaya ya sa shi danƙo, shi ya sa ake dakatar da shi kamar mako ɗaya kafin gwaji. Mai ciwon sukari da mai shan maganin tsinka jini dole su faɗa wa likita tun ranar da aka ba su lokaci, ba su rage ko su daina da kansu ba. Mai fama da taurin bahaya kan buƙaci ƙarin magani da ƙarin kwanaki. Sanyaya ruwan maganin, zuƙarsa da ɗan bututu, tsotsar lemun tsami tsakanin kofi da kofi, da hutawar rabin awa idan zuciya ta tashi, duk suna taimakawa. Basilin a dubura da tsarki da ruwa suna rage raɗaɗi. A lokacin bazara sai an ƙara ruwan sha sosai, kuma idan gwajin da ba na gaggawa ba ya faɗo cikin watan azumi, ya fi kyau a ɗaga shi zuwa bayan azumin. Wanda zai taho daga nesa gara ya kwana kusa da asibiti, inda bayi ke kusa da shi. Alamar an wanku ita ce abin da ke fita ya koma ruwa garau mai ɗan rawaya, ba gudaji.

A ɗakin gwaji, yawancin ciwon da ake ji daga abu biyu yake zuwa: iskar da ake hurawa don buɗe hanji, da miƙewar hanjin idan bututun ya naɗe a ciki. Iskar kabon dayoksaid jiki na tsotse ta da sauri fiye da iskar gari nesa ba kusa ba, ta fita ta numfashi, saboda haka kumburin ciki bayan gwaji kan ragu ƙwarai. Wasu likitocin suna zuba ruwa mai ɗumi maimakon iska yayin shiga, abin da ke rage naɗewar bututun. Juya majinyaci daga gefen hagu zuwa rigingine, da danna ciki da tafin hannun ma'aikacin jinya, kan buɗe lungun da ya ƙi wucewa. Game da allurar sa barci, ƙasashe sun bambanta. A Amurka an fi sa mutum barci mai nauyi da furofofol, a Ingila an fi ba da midazolam da maganin kashe zafi ko iskar shaƙa, a Nowe kuma da yawa ana yi musu ido biyu ba allura.

Kunya ma wahala ce, kuma takan hana mutane zuwa har cuta ta yi nisa, musamman waɗanda ke ɗora kowane jini a bahaya a kan basir. Akwai wando na musamman mai tsaga ta baya wanda ke rufe sauran jiki, kuma mace na da damar neman likita mace, ko aƙalla ma'aikaciyar jinya ta tsaya tare da ita.

Gwajin kan ɗauki minti 20 zuwa 45, kuma ana son likita ya yi aƙalla minti shida yana dubawa yayin janye bututun. Bayan an gama, fitar da tusa alheri ne, ba a riƙe ta. Wanda aka yi wa allurar barci ba zai tuƙa mota ko babur ba har awa 24, kuma sai da ɗan rakiya zai koma gida. Hujewar hanji ba kasafai take faruwa ba, ƙasa da mutum ɗaya cikin dubu, amma ciwon ciki mai tsanani, zazzaɓi, ko jini mai yawa a kwanakin da suka biyo baya suna wajabta komawa asibiti nan take.