Yadda Ake Adana Kayan Shafen Fuska Na Wasan Kwaikwayo

Kowane ɗayanmu a wannan kwaleji, in ya karɓi takardar shaidarsa, za a tura shi wata makaranta, kuma ba da daɗewa ba babban malami zai ce ya shirya wa yara wasan kwaikwayo na ƙarshen shekara. A nan ne yaro ɗan shekara 10 yakan zama tsoho mai furfura, wata yarinya ta zama kura, wani kuwa ya zama sarki. Abin da ke yin wannan aiki ɗan akwati ne na kayan shafen fuska. Ina so in bayyana wa 'yan'uwana yadda ake adana shi, gama abin da ke cikinsa yakan bi fuskokin aji guda a yamma ɗaya, in kuwa ba a kula ba sai cuta ta bi tare da shi.

Kayan nan iri uku ne. Na farko mai maiƙo ne, watau launi da aka kwaɓa da mai da kakin zuma aka yi shi kamar sandar alli. Wani mawaƙi Bajamushe mai suna Ludwig Leichner shi ya fara sayar da irinsa a 1873. Na biyu na ruwa ne, busasshe a cikin ɗan faifan roba, sai an jiƙa buroshi ko soso kafin a ɗiba. Na uku shi ne wanda mukan haɗa da kanmu sa'ad da makaranta ba ta da kuɗi: farar ƙasa, da jar ƙasa, da garin gawayi, a tankaɗe su sarai a kwaɓa da man kaɗanya. Amma fentin zane na aji da fentin gini ba a yi su domin fata ba, kada su kusanci akwatin nan ko kaɗan.

Zafi shi ne abokin gaban mai maiƙo. In aka bar shi a taga, ko bisa kabad kusa da rufin kwano, sai ya narke, mai ya rabu da launi, bayan 'yan watanni ya soma wari. Saboda haka a nema masa wuri mai sanyi da inuwa, can ƙasa cikin kabad. Man kaɗanyar da aka kwaɓa ma haka yake lalacewa, shi ya sa ya fi kyau a ajiye garin busasshe a kwalba mai murfi, a kwaɓa daidai na rana ɗaya kaɗai.

Na ruwa kuwa, danshi ne ke kashe shi. Yawancin mutane da sun gama sai su yi maza su rufe murfi, suna tsammani tattali ke nan. Alhali in an rufe shi da jiƙa, fumfuna da ƙwayoyin cuta sun sami gida, balle da damina. Abin da ya kamata shi ne a goge samansa da tsumma mai tsabta, a bar shi buɗe a inuwa ya kwana, a lulluɓa masa ƙyalle mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura, sa'an nan a rufe da safe. Da hunturu yakan tsattsage don bushewa. Wannan ba lalacewa ba ce, ɗigon ruwa mai tsabta ya isa ya gyara shi.

Sai maganar buroshi da soso, wadda ita ce babba. Ciwon idon nan da muke kira afolo, wanda ya ɓarke a Ghana a 1969, shekarar da 'yan Amurka suka sauka a kan wata, daga ido zuwa ido yake tafiya ta hannu da ƙyalle da duk abin da ya taɓa hawaye. Makero ma haka yake bin fata. To, soso ɗaya in ya bi yara 20, ai an raba musu abin da na farko ya zo da shi ke nan. Dabara ita ce a yanyanka babban soso ƙanana, kowane yaro da nasa. Yaron da idonsa ya yi ja, ko yana da ƙuraje ko miki a fuska, kada a shafa masa kome, a yi masa fuskar kwali ya ɗaura. Bayan wasa a wanke buroshi da sabulu da ruwa mai ɗumi har ruwan ya fita garau, a gyara bakinsa da yatsa, a kwantar da shi ya bushe. In an tsai da shi cikin kofi da jiƙa, ruwa yakan gangara gindin gashin ya kwance ɗaurinsa.

Akwai wani abu da nake roƙo kada a sa cikin akwatin, shi ne kwalli. Na san iyayenmu sun daɗe suna ajiye shi a tandu, kuma babu mai musun kyaunsa a ido. Amma dutsen da ake niƙawa a yi kwalli sau da yawa dutsen dalma ne. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami gubar dalma a jinin wani jariri, da aka bincika sai aka tarar daga kwallin da aka kai daga Nijeriya ne, fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Yaro yakan murza ido ya kai hannu baki, dalma kuwa tana dakushe ƙwaƙwalwa, ba ta barin yaro ya riƙe karatu. Malami ba zai so ya rushe da yamma abin da ya gina da safe ba.

Har wa yau, akwatin yana bukatar ɗan littafi. A rubuta kowane abu da ranar da aka buɗe shi. A jikin kayan kanti za ku ga hoton ɗan gwangwani buɗaɗɗe da rubutu kamar 12M, ma'anarsa wata 12 bayan buɗewa. Farkon kowane zango a fito da kome a duba. Abin da warinsa ya sāke, ko ya yi fumfuna, ko ya yi yauƙi, a zubar, kada a ji ciwon kuɗinsa. Sabon kaya kuwa a ɗan shafa a hannun yaro kwana ɗaya kafin wasa, in wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, a bar shi. Mabuɗin akwatin ya zauna wurin malami ɗaya, gama kayan jama'a in ba shi da mai shi, ba ya ganin baɗi.

'Yan'uwa, duk wannan aiki bai fi rabin sa'a ba bayan kowane wasa. Iyaye sun ba mu 'ya'yansu da lafiyayyun idanu, wajibi ne mu mayar musu da su haka. Ina fata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta kwalejinmu za ta soma da nata akwatin tun wannan zango, domin mu saba kafin mu fita.